Kafin fita ya yanke katalis ɗin motarka, ka bincika waɗannan abubuwa



Watannin baya wani ɗan'uwanmu da muke shan ataya tare ya zo majalisa ransa a ɓace. Yana tuƙa ƙaramar mota ce da ya karɓa a hannun wani bawan Allah, yana aiki yana biya duk mako. Motar ta fara rasa ƙarfi, in ya taka totur a kan tudu sai ta yi ta nishi ba ta tafiya. Ya kai ta wurin gyara, aka saurari ƙararta, aka ce masa katalis ne ya toshe. Nan take aka yanke shi, aka yi waldar bututu a gurbinsa, aka karɓi kuɗi kaɗan. Ya dawo yana murna, don motar ta sami ƙarfi.

Bayan mako biyu motar tana nan tana karkarwa in ya tsaya a danja, kuma tana shan mai kamar da. Da aka sa mata kwamfuta sai aka ga kwil ɗin silinda guda ne ya mutu tun tuni. Wannan kwil ɗin shi ne ya kashe katalis. Daga baya kuma ya ji cewa abin da aka yanke, wanda ya bari a ƙasa kamar shara, masu sayen kwandem suna biyan kuɗi a kansa. Mai motar da ya sami labari ya ce sai an mayar masa da wani. Hasara uku ke nan daga matsala ɗaya.

Da yawa cikin matasan zango da mota muke cin abinci, wasu taksi, wasu Uber da Bolt, wasu kuma su ne masu gyaran. Iyayenmu ma da tsofaffin motoci suke zuwa kasuwa da masallaci. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna wannan batu. Abu ɗaya nake so mu riƙe: da wuya katalis ya mutu haka kawai, yawanci akwai abin da ya kashe shi. Hanya mafi araha ita ce a gano wannan abin kafin a ɗauko abin yanka. Bayanin nan a kan motocin fetur ne, har da waɗanda aka juya suna amfani da gas. Na dizal tsarinsu daban ne.

Mene ne katalis?

In ka leƙa ƙarƙashin mota, ka bi bututun salansa daga injin zuwa baya, za ka ga wani kumburi kamar ƙaramar tukunyar ƙarfe kafin babbar tukunyar da ke rage ƙara. A ƙananan motoci da yawa yana manne da injin, daidai inda hayaƙi yake fitowa. Shi ne katalis. Makanikan Najeriya suna ce masa indomi, saboda kamannin abin da ke cikinsa.

A ciki akwai wani dutse mai kamar tangaran, mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. In hayaƙi mai zafi ya ratsa ta ciki, waɗannan ƙarafa suna juya guba iri uku zuwa abin da bai kai su cutarwa ba. Gubar su ne iskar kabon monoksaid, da ragowar fetur da bai ƙone ba, da iskar naitirojin oksaid. Abin da ke fita ta baya sai ya zama yawancinsa tururin ruwa, da kabon dayoksaid, da naitirojin, wadda dama ita ce mafi yawa a iskar da muke shaƙa.

Ba ya aiki sai ya yi zafi. Yana fara aiki ne in ya kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma a kan tafiya yana zama tsakanin digiri 400 da 800. A Amurka an fara sa shi a yawancin sababbin motoci tun 1975, a Turai kuma ya zama dole ga motocin fetur a farkon shekarun 1990. Dokar Amurka ta sa kamfanin mota ya ba da garanti a kansa na shekara 8 ko mil 80,000, wato wajen kilomita 128,000. Motocin da ake sauke mana a tashar ruwa ta Tema da yawansu sun riga sun cinye wannan wa'adi kafin su iso. Duk da haka, in injin yana da lafiya, katalis yana iya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Abubuwan da ke kashe shi

Na farko, kuma mafi yawa, shi ne injin da ke mis. In fulogi ya gaji, ko kwil ya mutu, ko nozul yana ɗiga, fetur ɗin da bai ƙone a silinda ba sai ya gangara salansa ɗanye. In ya iske katalis da zafi sai ya kama a cikinsa. Zafin yana iya kaiwa inda dutsen zai narke, ramukan su haɗe, hanyar hayaƙi ta toshe. Abin da ya faru da ɗan'uwanmu ke nan. Yawan tura mota don ta tashi, ko murza makulli sau da yawa tana ƙin kamawa, shi ma yana tara ɗanyen mai a salansa.

Na biyu shi ne injin da ke shan baƙin mai. In ring ko robobin bawul sun gaji, baƙin mai yana shiga silinda ya ƙone. A cikinsa akwai sinadaran fosforos da zinki, kuma tokarsu tana lulluɓe ƙarafan nan masu tsada har hayaƙi ya daina taɓa su. Alamarsa hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, da ƙara baƙin mai kafin lokacin juye.

Na uku shi ne ruwan lagireto. In gasket ɗin kan silinda ya ƙone, ruwan yana shiga inda wuta take, ya fita ta salansa da farin hayaƙi mai kauri, ya bar datti a kan dutsen.

Na huɗu shi ne duka da ruwa. Tudun rage gudu, dutse ko rami na iya bugun tukunyar, dutsen ciki ya tsage. Haka kuma in damina ta zo titunan Ankara suka cika, ka kutsa da mota mai zafi cikin ruwa, sanyin da ya same shi farat ɗaya yana iya fasa shi.

Na biyar shi ne mai marar kyau. Fetur mai dalma yana kashe katalis gaba ɗaya, amma an daina sayar da shi a duniya, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a 2021. A 2017 Gana ma ta rage yawan sinadarin salfa da aka yarda a man da ake shigo da shi. Abin tsoro yanzu shi ne man da aka yi wa gauraye, irin wanda ake saye a galan a gefen hanya.

Alamomi, da abin da kowace take nufi

Ba duk ciwon katalis ne iri ɗaya ba, kuma kuɗin gyaran ya danganta da irin ciwon.

In ya toshe, mota tana rasa ƙarfi musamman a tudu ko da kaya, tana iya tashi ta mutu, hayaƙin da ke fita ta baya ya yi rauni, ƙasan mota ya yi zafi fiye da kima. Wani lokaci da dare za ka ga tukunyar ta yi ja. Wannan ba ya jira. Zai iya lalata injin, kuma in ka ajiye motar a kan busasshiyar ciyawa lokacin hunturu, gobara na iya tashi.

In ya farfashe, za ka ji ƙara kamar tsakuwa a cikin gwangwani, musamman da safe in an tada mota.

In kuwa ya gaji ne kawai, mota tana tafiya daidai, wutar cek injin ce kaɗai ke kunne, wani lokaci da wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan yana ba ka lokacin da za ka tara kuɗi.

Ka lura da bambanci ɗaya. In wutar cek injin tana kunne tsaye, kana iya kai motar wurin gyara a hankali. In tana ƙyaftawa, injin yana mis ne sosai, kuma a daidai lokacin katalis yana ƙonewa. Ka rage gudu, ka nemi wurin tsayawa. Fasinja ɗaya da za ka ƙara ɗauka ba zai biya abin da za ka rasa ba.

Bincike kafin yanka

Matakin farko shi ne a sa wa motar kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD mai ramuka 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, kuma na Turai da Asiya da suka biyo baya ma haka. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, a karanta lambobin da manhaja irin su Torque. Matasa huɗu ko biyar za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa aron juna.

Lambar da ta shafi katalis ita ce P0420. A injin mai layin silinda biyu, kamar V6, akwai P0430 na ɗaya ɓangaren. Amma ka san yadda kwamfutar mota take yanke wannan hukunci. Akwai oksijin sensa guda biyu, ɗaya kafin katalis, ɗaya bayansa. A yawancin tsofaffin motoci karatun na gaba yana hawa da sauka da sauri tsakanin bolt 0.1 da 0.9, na baya kuwa ya kamata ya zauna kusan wuri ɗaya. In na baya ya fara kwaikwayon na gaba, sai kwamfuta ta ce katalis ba ya aiki. To, sensa da ya gaji, ko waya da ta tsinke, ko huji a bututu kusa da sensa, duk suna iya jawo wannan lamba alhali katalis ɗin lafiyarsa lau.

Saboda haka ka duba sauran lambobin da suka fito tare da ita. P0300 zuwa P0304 suna nufin mis, kuma lambar ƙarshe tana nuna silindar: P0302 ita ce ta biyu. P0172 tana nufin mai ya yi yawa a kan iska, P0171 kuma iska ta yi yawa a kan mai. In ka ga ɗaya daga cikinsu, da ita za a fara. A gyara, a goge lambobin, ka yi kwanaki kana aiki, sannan a sake dubawa.

Akwai kuma gwajin da ba ya cin kuɗi. Da safe kafin salansa ta yi zafi, a toshe bakinta da tsumma na 'yan daƙiƙoƙi injin yana aiki, a saurari inda iska ke fita. In akwai huji, aikin mai walda ne na ɗan lokaci. Injin a kashe kuma da sanyi, a bubbuga tukunyar da hannu. Sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa katalis ta siririn farantin da ke kare zafi ce, wanda kusarsa ta kwance, kuma ɗauri ɗaya ya ishe shi.

Don tabbatar da toshewa, fita zai iya kwance sensa na gaba, ya bar ramin a buɗe, a ja motar 'yan mitoci. In ƙarfi ya dawo, lallai hanya a toshe take a baya. Kada a daɗe ana wannan gwaji, don hayaƙi mai zafi yana fita kusa da wayoyi. Wanda ke da ma'aunin matsi zai iya ɗaura shi a ramin: in injin yana juyi 2,500 a minti kuma awon ya wuce psi 3 sosai, akwai toshewa. Ko a nan ma a duba babbar tukunyar baya, don ita ma tana toshewa.

Hanyoyin gyara, daga mai sauƙi zuwa mai tsada

In katalis ya gaji ne kawai, bayan an gyara fulogi, kwil, filtar iska da sensa, ka ba motar tafiya mai nisa ba tsayawa, kamar minti 30 zuwa 40 a buɗaɗɗiyar hanya. Motar da kullum take cikin cunkoson Nima ko Aboabo tana tara baƙin toka, kuma zafin doguwar tafiya yana ƙona wani abu daga ciki. Ruwan wanke katalis da ake zubawa a tanki yana iya taimakawa a irin wannan hali. Amma ba ya ta da dutsen da ya narke ko ya fashe, kuma ba ya cire tokar baƙin mai da ta daɗe. In ka gwada kwalba ɗaya ba canji, kada ka sayi ta biyu. Kada kuma ka zuba tina ko kananzir a tanki, suna iya cinye robobin layin mai.

Wasu suna kwance shi su jiƙa a ruwan sabulu ya kwana. In toka ce ta toshe fuskar ramukan, wannan yana iya buɗe su. Sai dai kada a sa masa ruwa mai ƙarfi irin na wurin wankin mota, don zai iya kankare shafen ƙarafan. A bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.

In ya narke ko ya farfashe, sai canji. A nan mafi yawanmu za mu nufi Abossey Okai a Ankara ko Suame Magazine a Kumasi don neman wanda aka ciro daga wata mota. Ka je da tocila. Ka haska ta baki ɗaya, ka leƙa ta ɗayan: ya kamata ka ga haske ta ramukan, a jere, ba narkewa, ba gurbin da ya ɓalle. Ka girgiza shi, kada ka ji motsi. Ka duba jikinsa ko akwai sabon ɗinkin walda, don ana buɗe tukunya a kwashe dutsen a rufe. Ka tabbata na irin motarka ne da girman injinta. Sannan ku yi magana da mai shago tun kafin ka biya, cewa in P0420 ta dawo cikin 'yan kwanaki zai canza maka.

Akwai kuma sabo na gama-gari da ake yanka bututu a yi waldarsa. Ya fi na kamfani araha nesa, amma ƙarafan da ke cikinsa ba su kai na asali yawa ba, don haka ba ya daɗewa kamarsa. In za ka sa shi, a zaɓi wanda ya dace da girman injin, a sa shi a inda tsohon yake, kuma a bi kibiyar da ke jikinsa. Sabo na kamfani shi ne mafi inganci, sai dai a tsohuwar mota kuɗinsa na iya zama babban kaso na darajar motar kanta.

Ko wanne ka zaɓa, in ba a gyara abin da ya kashe na farko ba, na biyu ma zai bi shi. Injin da ke shan baƙin mai a fara da shi.

In aka cire shi gaba ɗaya fa?

Mu faɗi gaskiya, wannan ne abin da mutane da yawa suke yi, kuma in katalis ya toshe mota tana samun ƙarfi nan take. Amma ga abin da ke biyo baya. Wutar cek injin za ta zauna a kunne har abada, don haka ranar da wata sabuwar matsala ta zo ba za ka sani ba. Wasu suna sa wani ɗan ƙarfe a gindin sensa na baya don wutar ta mutu, wannan rufe ido ne kawai, hayaƙin yana nan yadda yake. Ƙara za ta ƙaru, wari zai ƙaru, kuma mai saye da ya san mota zai rage maka kuɗi.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarmu. Kabon monoksaid ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da wani abu. Lungunanmu matsattsu ne. Inda kake ɗumama mota da asuba, tagar ɗakin wata tsohuwa tana nan, ga mai koko da ƙosai a gefe, ga yara masu tafiya makaranta da tsayinsu bai fi bakin salansa da yawa ba. Kai kanka direba, in akwai huji a ƙasan mota, kai ne farkon mai shaƙa, kuma ciwon kai da jiri da barci a kan sitiyari suna cikin alamominsa. In larura ta sa ka cire shi don kada aiki ya tsaya, ka ɗauke shi a matsayin na wucin gadi, ka fara tara kuɗin wani, kuma ka daina barin mota tana aiki a tsaye a ƙofar gida.

'Yan'uwanmu da ke karanta wannan daga London ko Bronx, ku hukuncinku ya fi tsanani. A Birtaniya motar da aka cire wa katalis ba ta cin gwajin MOT, a Amurka kuma dokar tarayya ta hana cire shi.

Tsohon ma kuɗi ne

Ƙarafan da ke ciki gram kaɗan ne, amma suna da daraja. A 2021 farashin rodiyam ya haura dala 25,000 kowane oza, kafin ya sauko. Shi ya sa ake sayen mataccen katalis, kuma shi ya sa ake satar mai rai. In aka cire naka, kayanka ne. Ka karɓe shi cikakke, kada a farfasa dutsen, don masu saye suna duba lambar da ke jikin tukunyar. Ka tambayi mutum biyu ko uku kafin ka sayar, ka zuba kuɗin a kan wanda za ka saya. In motar ta wani ce kake aiki da ita, ka kira shi kafin a taɓa komai.

Kafin ka bar mota ta kwana a wurin gyara ko wurin fenti, ka ɗauki hoton ƙarƙashinta da waya a gaban mai wurin. Wannan ba zargi ba ne. Mafi yawan masu gyaranmu mutanen kirki ne, 'yan'uwanmu ne, kuma hoton yana kare su kamar yadda yake kare ka. In za ka sayi mota kuwa, ka sa a ɗaga ta ka duba, ka kuma lura ko wutar cek injin tana kamawa in an murza makulli kafin a tada injin, don akwai masu kashe ta. Mai sayarwa kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya in an cire, ɓoyewa ha'inci ne.

Roƙona ga iyayenmu masu motoci shi ne, in yaronku ya zo ya ce mota tana mis, ku ba shi kuɗin fulogi da kwil a ranar, ko da kuɗin mako zai ragu. Ga masu gidajen gyara kuma, ku koya wa yaranku karanta lambobin kwamfuta kamar yadda kuke koya musu riƙe sifana. Mu kuma matasa, in an ce mana a yanke, mu tambaya: me ya kashe shi?

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.